Daga kalma zuwa alama: asalin alamomin hujja a lissafi

Duk alamar da nake rubutawa a allo da sunan hujja, a da can jimla ce cikakkiya. A wajejen shekara ta 820, Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza ba tare da alama ko ɗaya ba. Da kalmomi yake bayyana tambaya, da kalmomi kuma yake warware ta.

Taƙaitawa ta zo ne sannu a hankali. A 1557 wani likita ɗan ƙasar Wales, Robert Recorde, ya gaji da maimaita cewa kaza daidai yake da kaza, sai ya ja layuka biyu masu tsawo ɗaya: =. A 1659 Johann Rahn na ƙasar Suwis ya yi amfani da ɗigo uku (∴) a madadin "don haka". Alamomin manɗiƙi sun makara ƙwarai. Giuseppe Peano na Italiya ya kawo ∃, wato "akwai", a 1897. Gerhard Gentzen na Jamus ya kawo ∀, wato "ga kowane", a 1935. Kibiyar ⇒ kuwa ta bazu ta littattafan Bourbaki, gungun masanan Faransa da suka ɓuya bayan suna ɗaya. Ta hanyar tsarin karatun Faransa ta iso azuzuwanmu na Nijar.

Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, kowace alama tana riƙe da jimla guda, kuma wanda ya manta jimlar ya ɓata hujjar. Ɗalibi yakan rubuta 3 + 4 = 7 × 2 = 14, yana nufin "sannan na ninka". Amma alamar Recorde ba ta san "sannan" ba. Abin da ke kan takarda shi ne 7 daidai yake da 14.

Haka kibiya. In x = 2, to x² = 4, wannan gaskiya ne. Amma mai sa ⇔ a nan ya yi iƙirarin hanya tana komawa baya, alhali −2 ma in an ninka shi da kansa 4 yake bayarwa. Ya zubar da rabin amsa ke nan, ga maki ya tafi ranar BEPC.

Jerin alamomi ma magana ne. "Kowane yaro yana da uwa" daban, "akwai uwa ɗaya da ta haifi kowane yaro" daban. Sauya wurin ∀ da ∃ kaɗai ya raba su.

Shi ya sa nake ba ƴan uwana malamai shawara mu bi tsarin da tarihi ya bi. Yaro ya fara faɗin hujjarsa da baki, ko da Hausa ne: "in", "to", "sai in", "don haka". In jimlar ta miƙe, sannan a ba shi alamar da za ta taƙaita ta.