Sallamar Na'urar Wasiƙa

Kafin intanet, wasiƙar mutumin Wudil gidan waya take bi, ko hannun direban da zai tsallaka gada zuwa Kano. Wanda ya kawo ta ya yi sallama, ya faɗi wanda ya aiko shi. Imel ma bai yar da wannan ladabi ba. A watan Agustan 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar aika imel ta SMTP: na'ura mai karɓa ta fara da lamba 220 da sunanta, mai aikawa ta ce HELO ta faɗi nata. A 1993 aka ƙara wata sallamar, EHLO.

Da farko kowa yarda ake yi da shi. Lokacin da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ta fara aiki a 2001, wasiƙun damfara sun riga sun kashe wannan yarda, kuma abin yana mini ciwo, don sunan Najeriya suka shafa.

Shi ya sa yanzu ni da nake kula da na'urar wasiƙa ɗaya mai adireshin IP biyu, kowane adireshi sai na ba shi sunansa a manhajar imel ta Postfix, na tabbatar bayanan PTR, masu nuna sunan adireshin, sun dace da sunan da ya faɗa a sallama. In suka saɓa, takardar ɗalibi mai neman gurbin karatu a waje tana iya faɗawa kwandon shara.