Daren Sakamako a Farin Gada: Yadda Gidajen Talabijin Suka Nuna Mana Zaɓen Shugaban Ƙasa

Duk wanda yake Farin Gada a ranar Talata 31 ga Maris, 2015, zai iya tuna yadda unguwar ta kasance. Motocin tumatir da kabeji sun ragu a kasuwar gwari, masu shaguna da yawa sun buɗe ƙofa rabi, kowa yana jiran abin da za a faɗa daga Abuja. Ni a gidan kallon ƙwallo na yini, inda aka ajiye akwatunan talabijin biyu a gefe da gefe, aka kunna janareto saboda an ɗauke wuta tun safe. Ɗaya yana kan NTA, ɗayan kuma ana ta yawo da shi tsakanin Channels da AIT, gwargwadon wanda rimot ya faɗa hannunsa. Zaure ɗaya ake nunowa, mutum ɗaya ke zaune a kan kujerar tsakiya, wato Farfesa Attahiru Jega, amma sai ka rantse ba zaɓe ɗaya ake magana a kai ba.

Kafin mu kai ga wannan rana, ya kamata a san cewa mu a Najeriya ba mu da "daren zaɓe" irin na Amurka. Su a can gidajen talabijin ne ke yin lissafinsu su ce wane ya ci jiha kaza tun ba a gama ƙirga ba. Hakan ya taɓa ba su kunya a daren 7 ga Nuwamba, 2000, lokacin da manyan tashoshinsu suka ba Al Gore jihar Florida da farkon dare, suka janye bayan kamar awa biyu, suka dawo bayan ƙarfe biyu na dare suka ba George Bush, sannan suka sake janyewa kafin gari ya waye. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 12 ga Disamba, kuma ƙuri'a 537 kacal ta raba su a jihar. A nan ƙasar doka ba ta yarda wata tasha ta bayyana wanda ya ci ba sai hukumar zaɓe ta faɗa. Shi ya sa daren namu yake ɗaukar kwana uku ko huɗu, kuma abin da ke bambanta tasha da tasha shi ne abin da take yi da waɗannan kwanaki na jira.

Mu mutanen Jos muna da haƙƙin yin magana a kan talabijin. Gidan talabijin na jihar Binuwai da Filato, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ya fara aiki a 1974, kuma shi ne ya fara watsa hoto mai launi a duk Najeriya a 1975. Gwamnatin soja ta haɗe dukkan tashoshin jihohi ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1977, abin da ya zama NTA, kuma har gobe kwalejin horar da ma'aikatan talabijin ta NTA a garin nan take.

To, a zaɓen 11 ga Agusta, 1979, wannan murya ɗaya ce kawai a akwati. Mutane suna jiran labaran dare ne, mafi yawansu ma a rediyo. A ranar 16 ga wata hukumar FEDECO ta ce Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ci da ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN yana biye da 4,916,651. Rigimar ita ce doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jiha 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi kaka-gida, kashi 19.94 cikin ɗari ya samu. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 ai sha biyu ne da biyu bisa uku, ba sha uku ba, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar a ranar 26 ga Satumba. Mai kallo a wancan lokaci an ba shi hukunci ne a gama, gardamar lissafin kuwa sai a jarida da majalisar masu shayi. A Filato dai Dakta Nnamdi Azikiwe na NPP ne ya zo na ɗaya.

Zaɓen 1993 ya fi taɓa mu, domin a nan Jos jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a watan Maris, inda Cif M.K.O. Abiola ya kayar da Babagana Kingibe da Atiku Abubakar ya karɓi tuta. Dattawan unguwa har yanzu suna ba da labarin cikar garin a kwanakin. Aka yi zaɓe ranar 12 ga Yuni tsakaninsa da Alhaji Bashir Tofa na NRC. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta kafa babban allo a harabarta a Abuja tana rubuta sakamakon jihohi ɗaya bayan ɗaya, har aka kai jiha 14, kuma kowa ya ji cewa Abiola ya doke Tofa a Kano. Daga nan sai umarnin kotu ya fito, aka tsayar da sanarwa a ranar 16 ga wata. Tashoshin da ake da su duk na gwamnati ne, na tarayya da na jihohi, don haka da aka ce a yi shiru sai akwati ya yi shiru. Ranar 23 ga Yuni aka soke zaɓen ta wata takarda da babu sa hannun kowa, Janar Ibrahim Babangida kuma bai fito ya yi wa ƙasa bayani ba sai ranar 26. A waɗannan kwanaki Bahaushe ya ƙara riƙe ƙaramin rediyonsa, domin abin da bai samu a gida ba ya same shi a sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus.

Abin mamaki, gwamnatin da ta soke zaɓen ita ce ta buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu, da doka ta 38 ta 1992 wadda ta kafa hukumar NBC. Daga nan John Momoh, tsohon mai karanta labarai a NTA, ya buɗe Channels a 1995, Raymond Dokpesi kuma ya buɗe AIT a 1996. Zaɓukan 1999 da 2003 da 2007 ba su bar wani abin kallo ba. Na 2007 ma, wanda Farfesa Maurice Iwu ya sanar, shi kansa marigayi Umaru Musa 'Yar'adua da ya ci ya amince akwai kura-kurai a cikinsa.

A nan garin ba sai an koya mana haɗarin tazarar da ke tsakanin jefa ƙuri'a da faɗin sakamako ba. Rikicin ƙarshen Nuwamba 2008 ya tashi ne a kan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa tun kafin a sanar da komai a hukumance, ana cikin jita-jita, kuma ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, Musulmi da Kirista. A Afrilun 2011 ma, yayin da ake karanto sakamakon jihohi a talabijin, wuta ta kama a Kaduna da Kano da Bauchi da wasu wurare, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe. Da wannan tabon muka shiga 2015.

Tun lokacin yaƙin neman zaɓe kowa ya san inda kowace tasha ta karkata. AIT ta yi ta nuna wani shiri na musamman mai sukar Janar Muhammadu Buhari, da wani a kan Bola Tinubu mai suna "Lion of Bourdillon", wanda ya sa Tinubu ya maka ta kotu yana neman naira biliyan 150, daga baya tashar ta nemi afuwa. Masu sa ido na Tarayyar Turai sun rubuta a rahotonsu cewa kafofin gwamnatin tarayya sun fifita jam'iyya mai mulki, na jihohi kuma kowace ta fifita mai riƙe da jiharta. TVC ta Legas, wadda kowa ke dangantawa da Tinubu, ta karkata ɗaya ɓangaren. Don haka kafin a karanta ƙuri'a ko ɗaya, mai kallo ya riga ya zaɓi tashar da zai yarda da ita.

Da aka fara tattara sakamako ranar Litinin 30 ga Maris a Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa, dukkansu hoto ɗaya suke ɗaukowa: shugaban jami'a ya zo ya zauna, ya karanta ƙuri'un jam'iyyu 14 ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu, ya tashi. Bambancin yana fitowa ne idan aka tafi hutu. A ganina NTA ta yi aikinta irin na ma'aikacin gwamnati, ta nuna zauren yadda yake, ba ta ƙara gishiri ba, kuma ita ce ke shiga kowane gida ko babu setilayit. Sai dai ba ta taimaki mai kallo da lissafi sosai ba, shi ya sa wani ɗalibin Jami'ar Jos da ke cikinmu ya samo kwali yana tara alƙaluma da biro. Channels ita ce ta fi mayar da hankali a kan jimla, wa ke gaba, da nawa, jihohi nawa suka rage, kuma masu sharhinta sukan fito daga ɓangarorin biyu. AIT kuwa ta fi ba ƙorafin PDP fili. Da daren Litinin aka karanta Kano, Buhari 1,903,999, Jonathan 215,779, gidan kallo ya kaure da kabbara. Washegari aka karanta Ribas, Jonathan 1,487,075, Buhari 69,238, sai wuri ya yi tsit. Filato ma ga Jonathan ta tafi, da 549,615 a kan 429,140, abin da ya tuna mana cewa maƙwabcinka na tsallaken titi shi ma yana gaban nasa akwatin yana addu'ar akasin taka.

Akwai abin da tashoshin duka suka yi tarayya a kai: da Turanci suke magana. Dattijon da ke kusa da ni idonsa na kan allo, rediyonsa na manne a kunne, yana jiran a fassara masa abin da ya riga ya gani. Ga ƙasar da miliyoyin masu jefa ƙuri'arta Hausa suke ji, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, kuma ta nan mai jita-jita ke shigowa, domin shi da Hausa yake tasa.

Da safiyar Talata aka yi abin da har yau ake tunawa. Godsday Orubebe, tsohon ministan Neja Delta kuma wakilin PDP, ya karɓi makirfo ya ƙi saki, yana zargin Jega da son kai, cewa ya tura kwamiti Ribas a kan ƙorafin APC amma ya ƙi karɓar na PDP a kan wasu jihohin Arewa. Ya yi ta ɗaga murya, har ya zauna a gaban dandamali. Babu tashar da ta ɗauke kyamara. Jega ya bar shi ya gama, sannan ya amsa zargin ɗaya bayan ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, ya tuna masa cewa shi tsohon minista ne, ya kamata ya kula da abin da yake yi a bainar jama'a, aka ci gaba da karatu. Na sha tunanin da a 1993 ne, da sai dai mu ji an ce an dakatar da sanarwa, ba tare da kowa ya ga abin da ya faru a zauren ba. A 2015 mutum miliyoyi suka gani da idonsu, kuma bayan haka zai yi wuya wani ya fito da wani labarin daban.

Wajen ƙarfe biyar na yamma Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna, tun sakamakon Borno bai iso ba. Labarin ya riga zauren Jega fita, tashoshi suka sa shi a rubutun da ke gudana a ƙasan allo, wasu cikinmu suka ƙi yarda sai da suka ji a rediyo. Sanarwar hukuma ta zo ne kafin asubar Laraba 1 ga Afrilu: Buhari 15,424,921, Jonathan 12,853,162. A lokacin tuni matasa suka cika titi da babura, dattawa suna bin su suna roƙon kada a tsallaka unguwar kowa.

Daga nan akwati ya fara rasa sarautarsa. A 2019 yawancinmu a waya muka ga an ɗage zaɓe wajen ƙarfe biyu da rabi na daren 16 ga Fabrairu, awanni kaɗan kafin a buɗe rumfuna. A 2023 kuwa takardun rumfa sun cika WhatsApp da Facebook tun yammacin 25 ga Fabrairu, na gaskiya da na bogi a haɗe, ga shafin IReV na hukumar zaɓe bai ɗora na shugaban ƙasa a kan lokaci ba. Sanata Dino Melaye ya jagoranci wakilan adawa suka fice daga zauren, ana nunawa kai tsaye, Farfesa Mahmood Yakubu ya ci gaba. Da misalin ƙarfe huɗu na asubar 1 ga Maris ya sanar da Tinubu da ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Peter Obi, wanda ya ci Filato, 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. A ƙarshen watan NBC ta ci Channels tarar naira miliyan 5 saboda wata hira da Datti Baba-Ahmed, mataimakin Obi.

Na leƙa gidan kallon nan a daren. Akwatuna sun zama huɗu, manya, masu faɗi, amma ba mu kai mutum goma sha biyar ba, kuma kusan kowa kansa a sunkuye yake a kan wayarsa. Da aka zo karanta jimla, mai gidan ya ƙara murya, muka ɗaga kai muka saurara, ya kashe janareto muka wuce masallaci.