Tukwanen Bakin Iyaka

Mu a Amarawa ba mu saba da gidan abinci mai allo a ƙofa ba. In baƙo ya tambaye ni inda zai ci mai daɗi, mutum nake kwatanta masa, ko in nuna masa itace: je ka gindin darbejiyar can, ka ce tuwon dawa kake so, ka roƙi a kwaso maka miya daga ƙasan tukunya. Haka na tashi na tarar. Kakata fura ta sayar, mahaifiyata tuwo, ni kuma na kafa teburin shayi. Mu ukun hanya ɗaya ta ciyar da mu, wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa da Illela, ta bi ta ƙofarmu ta faɗa Birnin Ƙonni.

A zamanin Kaka, magidanci ba ya sayen tuwo a waje. Abin kunya ne, sai gwauro ko matafiyi. Amma fura ba ta da wannan kunyar, kowa na iya tsugunawa ya sha. Daren Asabar ba a barci a gidanmu, don Lahadi ce kasuwar Illela. Ana surfe, ana daka gero da citta da kanumfari, ana cura dawo ana birkima shi cikin gari. Da hantsi Fulani sun iso da nono, masu koren shanu sun sauko daga arewa da ƙura har gira. Mutumin da ya yi kwana da kwanaki yana bin sawun dabba ba ya neman abin marmari, abin da zai riƙe masa ciki a rana yake so. Kaka takan dama masa da kauri, ta miƙa ƙwarya da ludayi, ta karɓi abin da ya fito daga lalitarsa, kwabo ne ko dala. Ko da naira ta zo a 1973, ita da sule da dala ta ci gaba da lissafi har ta bar duniya.

Tuwo manyan motoci ne suka kawo masa kasuwa. Duk wanda ya san iyaka ya san jira: takarda ba ta fito ba, mai kaya ya tafi neman ɗan canji, dare ya yi an rufe. Direba da yaran motarsa sai su kwana biyu a wuri guda, kuma dole su ci. Daga nan Inna ta samu. Motocin albasar Galmi da na wake da na dabbobi suna gangarowa kudu, na siminti da kayan masarufi suna haurawa arewa, kowanne kuwa sai ya tsaya. Miyarta biyu ce, kuka da busasshiyar kuɓewa, da daddawa mai yawa da ɗan man shanu a sama. Ta daɗe tana ƙin Maggi, sai da direbobin kudu suka dame ta da tambaya ta fara jefa ɗaya-ɗaya. Har gobe ina ganin miyar daddawa zalla ta fi, ko da yake yaran yanzu ba su yarda da ni ba.

Inna ba ta sauraren rediyo don ta san halin ƙasa. Da la'asar takan ce mini, "Tai ka ƙirgo min motoci." In na dawo na faɗa mata, sai ta yanke tiya nawa za a kai niƙa.

Shekarar 1984 ce ta fara koya mini cewa hanya tana mutuwa. A watan Afrilu gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi kuma damina ta ƙi. A ƙetare har suna aka sa wa yunwar, El Buhari. Ina ɗan shekara goma. Na tuna mata da goyo suna zaune nesa da murhu, ba su roƙo, kallo kawai suke yi. Inna ta daina ba mu ƙanzo. Takan jiƙa shi a ruwa, ta barbaɗa gishiri da yaji, ta ce in kai musu kada in tsaya. Tukunyar da take cin tiya goma ta koma uku, amma ba ta taɓa kife ta ba.

Ni na shiga sana'a ana gab da karya darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da aka raba ƙarfinta biyu. Kafin nan mutanen Ƙonni kan tsallako su ci nama su ƙoshi su koma da canji. Wata ɗaya ya isa na ga bambanci a teburina, mai shan shayi da madara ya koma shan baƙi. Daga baya abin ya juya, har a 2024 jika guda ta sefa ta haura naira dubu biyu. Mai shayin iyaka dole ya iya lissafi biyu a kansa, yana zuba ruwan zafi yana mayar da dala naira.

Burodi iri biyu nake ajiyewa. Akwai namu mai laushi da zaƙi, akwai dogon nan na Ƙonni mai ɓawo, wanda ɗan kabu-kabu ke kawo mini da asuba a ɗaure bayan babur, da sauran ɗuminsa. In ka tsaga shi ka cusa soyayyen ƙwai da albasa, ba ka neman komai sai azahar. Indomie ta zo daga baya ta kwashe samari gaba ɗaya. Buzaye kuwa ba ruwansu da kofina, suna gefe da 'yar butarsu a kan gawayi, suna ɗaga hannu sama suna tsiyayawa har kumfa ya tashi. A wurinsu na koyi haƙurin dafa ganye.

In ni ne zan ci da kuɗina, ranar Lahadi zan tafi wajen mahautan Illela a yanka mini balangun rago da ɗan kitse, a naɗe a takarda, in ci a tsaye. In na tsallaka Ƙonni, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli nake nema, hannun matan can ya fi namu a kansa. Tsarabar gida kuwa kilishin Madawa ne, da cuku idan an dace da mai saukowa daga wajen Tawa.

Rufewar iyaka ta Agustan 2019 ta canza abin da ke cikin faranti. Shinkafa 'yar waje, wadda ke biyowa ta Nijar daga Kwatano, ta yi wuya, masu dafuwa suka koma 'yar gida. Aiki ya ƙaru, sai an tsince an rege kafin a ɗora, amma masu ci da dama sun gane ta fi ɗanɗano da mai da yaji. Illela na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disamban 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba 2023 ta zo da nata: ƙarancin takardun naira, har mai ƙosai ta nemi lambar asusu, tsadar fetur, sai juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli da takunkumin da ya biyo baya. Kwanakin farko motoci suka yi jerin da ban taɓa gani ba, muka yi ciniki kamar salla. Da guzurin direbobi ya ƙare sai bashi. Albasa ta ruɓe a cikin buhu, warinta ya cika gari. Littafin bashina na lokacin yana nan, akwai sunayen da ban sake ganin masu su ba, akwai kuma wanda ya dawo bayan wata takwas ya biya har da goro.

An sake buɗe iyakar a watan Maris na 2024. Tukunyar yanzu tana hannun ƙanwata, Inna ta tsufa, ido ya yi rauni. Da yammacin da motoci suka fara motsi na shiga gaishe ta, na tarar tana zaune a bakin ɗaki ta karkata kunne wajen titi.

"Inna, tiya nawa za a kai niƙa?"

Ta yi shiru har wata tirela ta gama wucewa. "A kai shida," in ji ta. "A jiƙa daddawa tun yanzu."