Daga Jangali Zuwa Aji: Tarihin Manufar Ilimin 'Ya'yan Makiyaya Daga Yola

1.0 Gabatarwa

Duk manufar da gwamnati ta tsara tana da tarihi iri biyu. Akwai wanda ke cikin takardu, wato ranar da aka kira taro da kwamitin da ya zauna da lambar dokar da aka sa wa hannu. Akwai kuma wanda ba a rubuta ba, wato abin da talakawan da aka yi manufar dominsu suka riga suka sani game da hukuma tun kafin manufar ta iso ƙofarsu. A wannan muƙala za mu bi sawun manufar ilimin 'ya'yan makiyaya, wadda aka aza harsashinta a Yola a shekarar 1986, muna dubanta daga Namtari, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, a kan hanyar da ta tashi daga Jimeta zuwa Numan, ba nisa da kasuwar shanu ta Ngurore. A irin wannan yanki yaro kan tashi da Fulatanci a gida, ya ji Hausa a kasuwa, sa'an nan ya tarar da Turanci a kan allon aji. Saboda haka abin da ya sami wannan manufa ya shafi mai tsara manhajar Hausa kai tsaye.

2.0 Yadda Makiyayi Ya Fara Sanin Hukuma

Masarautar Fombina, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta mai da Yola cibiyarta a 1841. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci garin, Lamiɗo Zubairu ya fita, aka shiga mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Jangali, wato harajin shanu, ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Sarakunan ƙasar Hausa sun karɓe shi tun kafin jihadi, har ma yana cikin abubuwan da Shehu ya soka a Kitabul Farƙi. Abin da Turawa suka yi shi ne tsananta shi da ƙa'ida: dokar haraji ta 1906 ta tabbatar da shi, daga baya aka buɗe baitulmalin En'e, jangali ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsa. Ana yanka kuɗin a kan kowace saniya, ana kuma karɓa da damina, lokacin da garke ke zaune wuri ɗaya a mashekari.

Mu lura da abin da wannan tsari ya koya wa makiyayi. Ya koya masa cewa mutumin hukuma ba ya zuwa ruga sai da alƙalami da takarda, kuma duk abin da alƙalamin nan ya rubuta, asara ce gare shi. Don haka ya ƙware wajen raba garke gida biyu, da kora wani kaso cikin daji kafin masu ƙidaya su iso, da tsallaka iyaka zuwa Kamaru idan abin ya yi tsanani, abin da ba shi da wuya a Adamawa tun da iyakar Turawa ta ratsa tsakiyar masarautar ne. Arɗo, wanda asalinsa jagoran zuriya ne, ya wayi gari tsakanin mutanensa da hakimi, yana karɓa daga wannan yana miƙa wa wancan. Hatta allurar rigakafin bushiya, wadda amfaninta a fili yake, ta sha fuskantar zargi, domin mai shanu na tsoron kada lissafin malamin dabbobi ya faɗa hannun mai jangali. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo a 1965, amma kaɗan ne daga cikin wuraren da aka ware aka tabbatar da su a hukumance, gonaki kuwa suka ci gaba da cinye burtali. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, ta kuma ƙara wa takarda daraja a kan shaidar baki. Wanda bai iya karanta takarda ba, shi ne ya kwana ciki. Wannan batu yana da muhimmanci, domin shi ne ya sa wasu shugabannin makiyaya suka fara neman boko da kansu: ba don sha'awar albashi ba, sai don su sami ɗa wanda zai tsaya musu a kotu da ofishin ƙasa.

3.0 Manufar Kowa da Kowa

Babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, da taron ƙwararru na 1973 a ƙarƙashin Cif Simeon Adebo, su suka haifi Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977. Kafin fitowarta, an riga an ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976. An yi tanadi don yara wajen miliyan 2.3, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Amma shirin ya ɗauka cewa kowane yaro yana kwana a gida ɗaya shekara zungur, kuma ba shi da aiki da safe. Ɗan makiyayi bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu ba. Da hantsi yana bayan shanu, 'yar'uwarsa tana kan hanyar tallar nono, da rani kuma iyalin sun gangara fadamun Binuwai neman ciyawa da ruwa. Ba a hana shi shiga makaranta ba, an dai gina ta ne ba da shi a zuci ba.

4.0 Taron Yola da Abin da Ya Biyo Baya

Wasu jihohi, ciki har da Gongola wadda Yola ke zaman babban birninta daga 1976 zuwa 1991, sun ɗan gwada buɗe wa makiyaya makarantu, ba tare da wani tsari na bai-ɗaya ba. A tsakiyar shekarun 1980, Chimah Ezeomah na Jami'ar Jos da abokan aikinsa suka gudanar da bincike a rugage a jihohin Bauchi da Gongola da Filato. A ganinmu wannan shi ne abu mafi daraja a tarihin manufar baki ɗaya, domin an je an tambayi mai ɗaki inda yake masa yoyo kafin a hau rufi. A watan Nuwamba na 1986, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Ministan Ilimi Farfesa Jibril Aminu, wanda shi kansa ɗan Song ne a wannan jiha, ya jagoranci taron ƙasa a Yola inda aka ɗaura ɗamarar shirin. Daftarin aiwatarwa ya fito a 1987, sa'an nan dokar soja mai lamba 41 ta watan Disamba 1989 ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna. Aka rarraba aikin ƙwararru tsakanin jami'o'i: Jos ta ɗauki bincike da aunawa, Sakkwato ta ɗauki manhaja da kayan koyarwa, Maiduguri ta ɗauki horar da malamai. Da aka shigo da 'ya'yan masunta masu yawo cikin shirin, sai aka ƙara cibiya a Fatakwal. A 1990 makarantun sun kai 329, da ɗalibai 18,831.

Shirin bai tsira daga suka ba. Wasu sun ce almubazzaranci ne a bi mutum daji da allo, kamata ya yi a zaunar da shi tukuna. Wasu kuma, cikinsu har da makiyaya, sun ce ƙasa da ruwa da maganin dabbobi su ne gaba da karatu. Masu shirin sun amsa da cewa jiran a zaunar da kowa yana nufin a sallama wata zuriya guda ga jahilci. Mu dai muna ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma abin da ya faru a aikace ya nuna haka. Azuzuwan tafi-da-gidanka, waɗanda ake kwancewa a ɗaure a tafi da su, su ne suka fi jan hankalin 'yan jarida, amma su ne suka fi saurin lalacewa. Makarantun da suka ɗore su ne na dindindin, a wuraren da iyalai suka riga suka kafa, tsofaffi da ƙananan yara na zaune, samari na tafiya da garke. Wato makaranta ta kama ne inda ƙasa ta riga ta samu.

Matsalar da ta fi kowace ci wa shirin tuwo a ƙwarya ita ce ta malamai. Hukumar tarayya ce ke tsarawa, amma jihohi da ƙananan hukumomi su ke ɗaukar malami su biya shi, kuma sau da yawa tura mutum makarantar ruga kan zama tamkar horo. Malamin da ba ya jin Fulatanci, wanda kuma bai san dalilin da zai sa uba ya cire ɗansa daga aji ranar da saniya ta ɓata ba, ba ya daɗewa. A nan ma daga Yola aka sami amsa mai ma'ana. A ƙarshen shekarun 1990, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola ta horar da matasa 'ya'yan makiyaya daga Adamawa da Taraba domin su koma su koyar a cikin danginsu. Irin wannan malami ba baƙo ba ne mai alƙalami. Ɗan gida ne. Haka nan shirin rediyo na Don Makiyaya a Ruga, daga gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, ya yi tasiri domin ya bi ta hanyar da makiyayi ya riga ya amince da ita, wato akwatin rediyon da ke rataye a kafaɗarsa.

Wanda ke shakkar nauyin wannan amincewa, ya dubi abin da ya faru a 2019. An sanar da shirin matsugunan Ruga ba tare da an zauna da jihohi da al'ummomin da abin zai shafa ba, aka yi ca a kansa, cikin 'yan makonni aka dakatar da shi a watan Yuli. A watan Satumba na shekarar aka ƙaddamar da wani shirin na inganta kiwo a gandun Gongoshi, cikin Mayo-Belwa. Wannan karon manomi ne ya ga baƙin tsumma.

5.0 Batun Harshe

Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga 1977, ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da al'ummar wurin ke amfani da shi, bugun 2004 kuma ya iyakance haka ga shekaru uku na farko. A Kano ko Katsina wannan jimla ba ta da wani ruɗani, domin harsunan biyu ɗaya ne. A kewayen Yola kuwa, inda Fulani da Bata da Vere da Hausawa ke cuɗanya, kalmar nan "ko" ita ce dukan matsalar. Fulatanci yana da tsohon tarihin rubutu a nan. Malaman Adamawa sun yi waƙoƙi da shi cikin ajami, F. W. Taylor, jami'in ilimi da ya yi aiki a Yola, ya fitar da nahawunsa a 1921 da ƙamusunsa a 1932, taron Bamako na 1966 kuma ya daidaita baƙaƙensa tare da na Hausa. (Ya kamata mu tuna da wannan duk lokacin da muka ji ana cewa makiyaya ba su da ilimi, galibi boko ake nufi.) Duk da haka Hausa ce ta mamaye Jimeta da kasuwanni da tashoshin mota, ita ce kuma ke da littattafai da malamai masu takardar shaida. Sakamakon haka, abin da manufa ta bari a buɗe, ƙarancin kayan aiki ya rufe shi: malami ya koyar da harshen da ya iya, da littafin da ya samu.

A nan ne alhaki ya hau kanmu. Yawancin littattafan Hausa na firamare an rubuta su ne da ɗan Bahaushe a zuci, wanda ya zo aji da harshen a bakinsa, abin da ya rage masa kawai ya koyi baƙi da wasali. Yaron da ya fito daga ruga a Namtari yana iya cinikin nono da Hausa, amma Fulatanci ba ya bambanta jinsin namiji da tamace kamar yadda Hausa ke yi, ba ya kuma amfani da karin sauti wajen rarrabe kalmomi. Idan ya ce "ya zo" a wurin "ta zo", ba dakikanci ba ne, tsarin harshensa ne ke magana. Yana buƙatar a koya masa Hausa a matsayin harshe na biyu, da darussan saurare da furuci kafin karatu, da misalan da ya sani. Mun sha ganin darasi a kan rini ko dukanci a gaban yaran da za su iya lissafa wa malaminsu sunayen launin shanu fiye da yadda ƙamus zai iya, ba a kuwa taɓa tambayarsu ba.

A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar harshe wadda ta tsawaita koyarwa da harshen uwa zuwa shekaru shida na firamare. Ba a kai ga wadata makarantu da littattafai da malamai ba, sai a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke ta, da mai da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko. Hausa da Fulatanci sun koma darussa a cikin jadawali. Malamin aji ɗaya a Namtari zai rubuta darasinsa da Turanci a kan allo kamar yadda aka umarta, sa'an nan ya juyo ya yi bayani da harshen da yaran za su gane, kamar yadda yake yi tun kafin 2022. Littafin jagoran malami da ke hannunsa bai ce masa komai a kan wannan juyowar ba, kuma mu ne muke rubuta shi.