Damina ta 2010: Shekarar da Gulbin Rima Ya Ci Gadar Jami'a

Guguwar teku ba ta sauka a Sakkwato, amma da yawa daga cikin waɗanda ke rushe gidaje a Amurka da tsibiran Karibiyan ta kanmu suke ratsawa tun suna hadari. Hadari ya taso daga gabas, ya zubar da ruwa a ƙasar Hausa, ya nausa yamma. Idan ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal ya tarar da ruwa mai ɗumi, sai ya yi ƙarfi ya fara juyawa. A 2010 guguwa 19 aka raɗa wa suna a wannan teku, 12 daga ciki suka zama mahaukata.

Mu a nan ruwan muka samu, kuma ya yi yawa. Tun ƙarshen Agusta madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima don noman rani, ta cika maƙil. Farkon Satumba aka buɗe ƙofofinta don a rage mata nauyi. Ranar 8 ga wata, daf da Ƙaramar Salla, mafitar rarar ruwa ta ɓalle. A ranar ce kuma guguwar Igor, wadda daga baya ta yi ɓarna har Kanada, ta haɗu kusa da tsibiran Kef Bade.

Ruwa ya bi fadama ta Goronyo, Wurno, Kware, Wamakko har Silame. Wanda ya san Satumba a karkarar Sakkwato ya san abin da aka rasa. Gero ya nuna ana shirin girbi, shinkafa na tsaye a fadama, rumbu kuwa ya kusa ƙarewa, domin daminar 2009 ba ta yi kyau ba, har maƙwabtanmu na Nijar suka shiga yunwa. Gidan ƙasa ba ya jure kwana cikin ruwa. Ta ƙasa yake jiƙa ya zube. An ƙiyasta cewa mutum fiye da 130,000 suka rasa matsuguni. Makarantun firamare suka zama masauki, a shekarar da amai da gudawa ke kashe mutane a Arewa.

Mutanen birni sun fi tuna gadar da ke kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ruwa ya yanke ta, aka rufe jami'a, mutanen Dundaye da sauran ƙauyukan ƙetare suka koma shiga kwalekwale in za su shigo gari. Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko ke mulki a lokacin.

Abin da ke ci mini rai shi ne tazarar da ke tsakanin bakin teku biyu. Igor tun tana tsakiyar ruwa tauraron ɗan'adam ke bin ta, ana faɗa wa mutane inda za ta sauka tun da sauran kwanaki. Ruwan Goronyo kuwa a gaban ido ya yi ta taruwa mako da makonni, ana auna shi, an kuma san ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka dubban magidanta suka fita da 'ya'yansu a kafaɗa, suka bar gero da rumbu a cikin ruwa.