Gwanjon Iska: Tarihin Rabon Zangon Wayar Salula a Nijeriya

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraren rediyo ya san maganar zango tun kafin ya san wayar salula. Iyayenmu kan murɗa akwati su nemi Rediyon Kaduna a kan mita 49, kuma sun san cewa idan tashoshi biyu suka hau wuri ɗaya, ba abin da za a ji sai hayaniya. To, wannan iskar da ke ɗauko muryar mai karanta labarai ita ce dai ke ɗauke da kiran wayarmu da saƙonnin intanet. Fili ne mai iyaka kamar fadama, dole a yanka wa kowa kadadarsa, shi ya sa kowace ƙasa ke riƙe da ikon rabonsa, ƙarƙashin tsarin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai hedkwata a Janeba.

Idan mai karatu bai manta ba, kafin shekarar 2001 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100. Mutumin ƙaramin gari sai ya yi tattaki zuwa babban birnin jiha, ya bi layi a ofishin NITEL, kafin ya gaisa da ɗansa da ke Legas. An kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tun 1992, amma a zamanin soja lasisi abu ne da ake bayarwa a ofis, ba tare da jama'a sun san ma'aunin da aka bi ba, kuma akasarin waɗanda suka samu ba su kafa ko turke ɗaya ba.

Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ce ta sauya hanya. A ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, hukumar ta yanke shawarar yin gwanjo a bainar jama'a. Daga 17 zuwa 19 ga Janairun 2001 kamfanoni biyar suka zauna a Abuja, kowanne ya ajiye kafin alƙalami na dala miliyan 20. Aka fara tayi daga dala miliyan 100, ana ɗaga farashi zagaye bayan zagaye, wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya janye. Da farashi ya kai dala miliyan 285 sai ya rage saura uku: MTN, da Econet, da CIL. An keɓe wa NITEL lasisi na huɗu bisa sharaɗin ta biya daidai abin da sauran suka biya.

Abin lura shi ne, waɗannan maƙudan kuɗi ba na gini ko na'ura ba ne. Abin da kowane kamfani ya saya shi ne izinin amfani da wani yanki na iska har shekara 15, wato megahaz biyar-biyar na zuwa da dawowa a zangon 900, da sha biyar-sha biyar a zangon 1800. Kamfanin CIL, wanda ake dangantawa da Cif Mike Adenuga, bai cika biya cikin wa'adi ba, yana mai ƙorafin cewa yankin da aka ba shi akwai shari'a a kansa. Ya rasa lasisin, ya kuma rasa kafin alƙalaminsa. Ashe ko a sama ana rikicin gona.

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin ya kai wajen naira dubu ashirin, kira kuwa naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi. Sai da Adenuga ya dawo da Globacom, ya fara aiki a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sannan sauran suka sauko. Ita kuwa Econet ta yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ta zama Airtel a 2010.

Da aka shiga zamanin intanet a waya, sai buƙatar fili ta ƙaru, domin hoto da bidiyo sun fi murya cin wuri nesa ba kusa ba. A 2007 aka sayar da lasisin 3G guda huɗu a kan dala miliyan 150 kowanne, ga MTN da Globacom da Celtel da kuma Alheri, kamfanin Alhaji Aliko Ɗangote, wanda daga baya Etisalat ta saye. A Disambar 2021, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana minista, Farfesa Umar Garba Ɗanbatta kuma yana shugabantar NCC, aka yi gwanjon zangon 3,500 domin 5G. MTN da Mafab suka yi nasara a kan dala miliyan 273.6 kowanne, Airtel ta sami nata bayan shekara guda.

A nan ne ya kamata mu mutanen ƙananan garuruwa mu buɗe ido, domin ba duk zango ne ɗaya ba. Zangon ƙasa, irin su 700 da 800 da 900, yana cin dogon nisa, yana ratsa bango da itatuwa, ta yadda turke ɗaya zai wadatar da ƙauyuka da dama. Zangon sama kamar 3,500 yana ɗaukar kaya masu yawa cikin sauri, amma ba ya nisa, sai an dasa turaku kusa da kusa, kuma kowane turke na buƙatar janareta da man dizal da mai gadi. Kamfanin da ya zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a gwanjo kuwa, inda zai mai da kuɗinsa da wuri zai fara nufa, wato Legas da Abuja da Fatakwal da Kano. A ganina wannan ne aibin gwanjo: ya kawar da rabon son kai, ya cika baitulmali, amma tsadarsa kan jinkirta isowar sabis ga wanda ke nesa da kwalta. Dokar Sadarwa ta 2003 ta hango haka, ta tanadi asusun USPF domin tallafa wa kafa turaku a inda riba ba ta kai kamfani.

Wani abin takaici shi ne, zangon da ya fi dacewa da karkara ya daɗe a hannun gidajen talabijin masu tsohon tsari. A yarjejeniyar Janeba ta 2006 ƙasashen Afirka da Turai sun amince su koma tsarin dijital kafin 17 ga Yunin 2015, domin tashoshi da yawa su matsu a wuri kaɗan, a sakar wa wayar salula zangon 700 da 800. Wa'adin ya wuce Nijeriya ba ta shirya ba, sai a Afrilun 2016 aka ƙaddamar da gwajin farko a Jos, sauran jihohi kuma suka riƙa biyowa ɗaya bayan ɗaya, da tazarar shekaru a tsakani.