Auna Jinin Cikin Haƙori da Haske: Yadda Ake Gane Ko Haƙori Yana da Rai

A tsakiyar kowane haƙori akwai wata tsoka mai laushi da ke ɗauke da jijiyoyin jini da jijiyoyin ji. Muddin jini yana gudana a cikinta, haƙorin yana da rai.

Me ya sa wannan ya shafe ku?

A ce ɗanku ya faɗo daga babur a hanyar Kwanar Ɗangora, haƙorinsa na gaba ya bugu. A asibiti likita zai ɗora masa abu mai sanyi ya tambaye shi ko ya ji. Wannan gwajin jijiyar ji kawai yake aunawa. Bayan bugu, jijiyar kan daina aiki na makonni ko watanni, alhali jini bai tsaya ba. Haka kuma sabon haƙorin yaro da saiwarsa ba ta gama girma ba yakan ƙi amsa gwajin. Idan aka yi gaggawa, sai a cire haƙorin da zai iya warkewa.

Yadda haske yake taimakawa

Hanya ta farko ita ce Laser Doppler. Ana haska siririn haske a jikin haƙorin. Idan ya daki jajayen ƙwayoyin jini masu motsi, yakan dawo da ɗan canji, na'ura ta karanta shi. A ƙasar Suwidin aka fara gwada ta a haƙorin mutum a 1986.

Ta biyu irin na'urar nan ce da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin. Tana tura jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin haƙorin, ta nuna oksijin da ke jininsa.

Duka biyun ba zafi, ba allura. Amma suna da cikas: motsin kai, jinin dasashi, da haƙorin da aka yi wa murfi duk suna iya rikita sakamako. Har a ƙasashen waje an fi amfani da su wajen bincike, ba kowane asibiti ke da su ba.

Abin da za ku yi

Idan haƙori ya bugu, ku je asibiti a ranar. Daga Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa ana iya tura ku sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada ku kai wa wanzami ya cire. Idan likita ya ce a jira a sake gwaji da hoto, ku kiyaye ranar komawa, ko da ciwon ya lafa.

Ku koma da wuri idan haƙorin ya fara yin duhu, dasashi ya kumbura, ƙurji mai mugunya ya fito a gindinsa, ko zafi ya hana barci. Waɗannan suna iya nuna cewa tsokar ta mutu. Ko a lokacin, sau da yawa ana iya wanke cikin haƙorin a cike shi, ba sai an cire ba.